Pro Micro: ɗan allon da ya raba ni da linzamin kwamfuta

Shekara uku ina haɗa kiɗa a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, a ɗakina na Agege, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalangu. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa, murya ta hau, ya sassauta ta sauko. Ni kuwa don in kwaikwayi wannan hawa da sauka sai in zauna ina jan layi da linzami ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe kiɗan ya fito a bushe, ba rai. Na'urar MIDI ta kanti, wato mai maɓallan sarrafa kiɗa a kwamfuta da hannu, kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na ce bari in haɗa tawa.

Na fara da kuskure. Wani allon lantarki da ake ɗora wa umarni, mai kama da Arduino Uno, na sayo, irin na kwaikwayo mai guntun CH340. Kwana biyu ina fama, kwamfuta ta ƙi ganinsa a matsayin kayan kiɗa, don wannan guntun ba ya iya wannan aiki sai an bi ta wata manhaja a tsakani. Na koma Computer Village a Ikeja na nemo Pro Micro, mai ƙarfin 5V. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Guntun da ke kansa ATmega32U4 ne, shi da kansa yake magana da USB. Na ɗora masa MIDIUSB, ɗan tsarin umarni da ke sa shi aika saƙon MIDI ta USB, na soka waya, sai ga shi ya fito cikin jerin na'urori a FL Studio. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Maɓallan murɗawa takwas na sa, irin na ƙara sautin rediyo. A nan a kula sosai: B10K ake so, ba A10K ba. Wani mai shago ya haɗa mini da A10K guda uku, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Irin A ana murɗa shi har rabi lamba ba ta tafi ko'ina ba, sannan ta yi tsalle lokaci guda. Allon yana karanta murɗi daga 0 zuwa 1023, MIDI kuma 0 zuwa 127 ya sani, sai a raba da takwas. Da farko lambar tana ta rawa ko ban taɓa komai ba, 63, 64, 63, kamar mai jin sanyi. Na sa ƙaramar kafasita ta 100nF a ƙafar tsakiya ta kowane maɓalli, na kuma umarci allon kada ya aika saƙo sai canjin ya yi yawa. Ya natsu.

Aibinsa babba guda ɗaya ne, kuma ya ɓata mini rai ƙwarai. Bakin USB ɗin a saman allo kawai aka liƙa shi da dalma. Nawa na kwaikwayo ne, ba sunan kamfani a jikinsa. Sati na biyu ƙanina ya yi tuntuɓe da waya, bakin ya ɓalle gaba ɗaya har da jan ƙarfen da ke ƙasa. Ya tsaya yana cewa, “Yaya, ka yi haƙuri, ban gani ba.” Ba laifinsa ba ne. Allo na biyu tun kafin in soka masa komai na zagaye bakin da gam mai haɗi biyu, na kuma ɗaure wayar a jikin akwatin katakon da wani kafinta a unguwarmu ya yi mini. Wata biyar ke nan bai motsa ba.

Allon maɓalli tara yake ɗauka, mai son fiye da haka sai ya ƙara guntun CD74HC4067, yana tara goma sha shida a ƙafa ɗaya ta allon. Ni takwas sun ishe ni.

Maɓalli na farko daga hagu na kalangu ne. Daren jiya, bayan an kawo wuta wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na riƙe shi da yatsu biyu ina murɗawa a hankali, murya tana hawa tana sauka yadda nake ji a bikin gidanmu a Katsina. Sau huɗu na naɗa, na huɗun na bari a waƙar.