PMP, CAPM ko PRINCE2: duba salon tambayoyin kafin ka biya kuɗi

Mai kula da aikin rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Ringim, ko aikin noman rani a fadamar Haɗeja, in zai nemi takardar ƙwarewa kan tafiyar da ayyuka, yawanci sunan takardar yake bi. Alhali salon tambayoyin ne ke kayar da mutane.

PMP da CAPM da PRINCE2 duk jarrabawar irin wannan takardar ce. PMP ta PMI ce, wata cibiyar ƙwararru kan tafiyar da ayyuka da ke Amurka. A tsarin da aka fara a 2021, tambaya 180 ce cikin minti 230, da hutu biyu na minti goma-goma, wato kowace tambaya minti ɗaya da ɗan ɗoriya. Haddar littafi ba ta wadatarwa a nan. Matsala za a kawo maka, kamar a ce mai unguwa ya tsayar da tono don ba a tuntuɓe shi ba, me za ka fara yi? Amsoshi huɗun duk sun yi kama da daidai, kalmar "fara" ce ke raba gardama. Akwai kuma waɗanda za a ce ka zaɓi amsa biyu ko uku, da na jan kalma da linzamin kwamfuta zuwa abokiyarta, da na taɓa wuri a jikin zane, da ɗan cike gurbi. Wanda a waya kaɗai ya yi atisaye, na ja da taɓawan nan ne ke cinye masa lokaci. Sharaɗin zama PMP digiri ne da gogewar wata 36 a jagorancin ayyuka, ko takardar sakandare da wata 60, da horo na awa 35.

Wanda bai kai wannan gogewar ba, CAPM, ƙaramar jarrabawar PMI, ita ce daidai da shi: tambaya 150 cikin awa uku, da horon awa 23.

PRINCE2 daga Ingila ta samo asali. Matakin farko tambaya 60 cikin awa ɗaya, duk na zaɓi ɗaya cikin huɗu, babu buɗe littafi. A mataki na biyu an yarda ka buɗe, amma wanda bai saba da shafukansa ba, a lalube lokacinsa zai ƙare.

Kafin ka sayi kundin atisaye, tabbatar ya dace da tsarin shekarar da za ka zauna. Kuma kada ka rubuta jarrabawar ta intanet daga gida in wuta da intanet ɗinka ba tabbas, don mai sa ido ta kyamara yana iya soke jarrabawar. Gara ka yi kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa.