Gam ɗin rufe tiyata: layin ya fita siriri, amma fatata ta ji jiki

Bayan an cire min mama saboda sankara, an sake gina ta da fata da kitsen marata, aikin da likitoci ke kira DIEP. Duk wadda aka yi wa ta san ba ciwo ɗaya ake tashi da shi ba: ga na ƙirji, ga doguwar tsaga daga wannan ƙugu zuwa wancan, ga zagayen cibiya. A ƙirji ɗinkin ƙarƙashin fata aka yi min da zaren da ke narkewa da kansa, aka jera 'yan ƙananan filasta na takarda a kai. A mara kuwa, bayan ɗinkin ciki, wata siririyar raga aka shimfiɗa aka shafe ta da gam. Gam ɗin nan har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Da farko yabonsa nake yi. Ba sauya bandeji kullum, ruwa ba ya shiga, ina wanka ba fargaba. Aka ce sai ya kai kamar mako 2 za a ɓare ragar. Kafin lokacin ya cika ƙaiƙayi ya taso min, irin wanda ke tada mutum tsakar dare, ga shi ba damar susa a kan ɗinki. Wurin ya ɗauki zafi, ya kumbura, ƙananan bororo suka feso suna tsiyayar ruwa, kuma daidai faɗin ragar suka tsaya. Na kira asibiti, wadda ta ɗauka ta ce, "Hajiya, ƙaiƙayi ai alamar warkewa ce, ki ƙara haƙuri." Na tura hoto, suka ce ba su ga ja ba. To ina ja zai fito fili a baƙar fata? Sai da na kai kaina, likita na ɗaga rigata ya ce jikina ne bai karɓi gam ɗin ba. Suka sassauta shi da basilin suka ɓare a hankali, aka ba ni man shafawa mai sitiroyid, wato maganin rage kumburi, da maganin ƙaiƙayi.

Abin da ya fi ci min rai, daga baya na ji cewa sinadarin dangi ɗaya ne da gam ɗin manna farce da gashin ido, kuma ana iya ɗiga kaɗan a hannu a ga yadda fata za ta yi kafin ranar aiki. An tambaye ni hawan jini, ciwon suga, taba, amma ba wanda ya tambayi ko wani manne ya taɓa damuna.

Bororon ya bushe, sai ya bar min baƙin shati mai faɗin yatsa biyu, kamar an ɗaura min ɗamara. A tsakiyarsa ga ainihin layin tiyatar, kuma tsakani da Allah siriri ne, a miƙe, gefunan sun haɗu lafiya. Ganin haka na so in ce wadda fatarta ta karɓi gam ɗin ba ta da abin kuka. Amma da na duba na ƙirji, mai filastar takarda, shi ma siriri ne, ba baƙi ko kaɗan. Likitan da kansa ya ce ɗinkin ciki ne ke riƙe nauyin fata, kuma yadda fata ke janyo gefunan ciwo shi ne ke buɗa tabo. To me gam ɗin ya ƙara min?

Na ƙirjin ma ya ɗan ba ni tsoro lokacin da ƙullin zare ya turo kai ta wani ɗan ƙurji. Nas ta cire shi da ɗan hantsaki, wurin ya rufe.

Gefen hagu na marar ne ya yi tudu ya taurare, daidai inda bororon ya fi yawa. An yi masa allurar sitiroyid a cikin tabon, allura mai zafi, ya ɗan kwanta. Bayan ciwon ya rufe gaba ɗaya na koma manna filastar silikon, aƙalla awa 12 a rana, watanni a jere, ita kam fatata ba ta ƙi ta ba. An ce tabo na ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya zauna a kamanninsa na ƙarshe. Baƙin yana dishewa, amma a hankali ƙwarai.

Kuma fa hotunan da aka nuna min kafin aikin duk na farar fata ne, ba ko ɗaya mai launina. 'Yar uwa, ki ce a nuna miki irin fatarki, ki tambayi da me za a rufe miki sama. Ni saura aikin kan mama da gyaran gefen ƙugu, kuma na tsaya sai da na ga an rubuta a fayil ɗina cewa kada a sake sa min gam.