Gargaɗi kan masu tallar ƙarfen rataye talabijin da kantar ɗora kaya a Facebook

Jama'ar Sakkwato, assalamu alaikum. Ana jan hankalinku game da wasu da ke baza hotunan ƙarfen rataye talabijin, wato hanga, da kantoci masu ƙyalli a Facebook da WhatsApp, suna cewa shagonsu yana Babbar Kasuwa, alhali ba sa faɗin layi balle lambar shago. Sukan nemi rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, kuma da zarar kuɗin ya shiga, wasunsu sai su toshe lambar mai saye.

Waɗanda ke kawo kayan sun fi haɗari a ganina, domin asarar da suke jawowa ta wuce kuɗin hanga. Ƙarfen da ke cikin hoto mai kauri ne, amma wanda yaronsu zai kawo a Keke Napep ɗan siriri ne da ake iya lanƙwasawa da hannu, an shafe shi da baƙin fenti don a ɓoye waldar da ba ta kama ba. Sai ya huda bulo daidai inda yake da rami a ciki, ya cusa gajerun noti, ya rataya talabijin mai inci 55, ya karɓi cikon kuɗi ya tafi. Bayan 'yan makonni filasta ta fara tsagewa, kuma gilashin talabijin idan ya fashe, kuɗin sauya shi yakan kusa kai na sabuwa. Kantar ma garin katako ce da aka matse aka lulluɓe da leda, tana taɓa ruwa sai ta kumbura.

Kafin ku biya ko sisi, ku auna tazarar ramuka huɗun da ke bayan talabijin, waɗanda ke bin ma'aunin bai ɗaya da ake kira VESA, kamar milimita 200 da 200 ko 400 da 400, don ku tabbatar sun dace da ramukan hangar, sannan ku duba kilo nawa aka rubuta a kwali cewa hangar za ta ɗauka. Mai ginin ƙasa gara ya haƙura da ratayewa, ya sa kafintan unguwa ya haɗa masa teburi mai faɗin gindi.

Wanda aka riga aka damfara ya adana shaidar tura kuɗi da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa.