Hoton fatalwa ko ektofilazim: wanne za ka fara bincike a kai?

Tun da na fara rubutu kan masu da'awar kiran ruhin matattu a Amurka da Ingila ake ta tambayata wanne ya kamata mutum ya fara da shi, hoton fatalwa ko ektofilazim, wato farin abin nan da wai yake fitowa daga bakin mai kiran ruhi.

Wajen sauki hoto ya fi. Hotunan William Mumler, wani mai daukar hoto na Boston a Amurka, suna nan a intanet kyauta, har da na matar tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln da inuwar marigayi mijinta a bayanta, kuma dabarar ba boyayya ba ce, hoto biyu ake dorawa a farantin daukar hoto daya. An kai Mumler kotu kan zargin zamba a New York a 1869 amma aka sallame shi, ni abin da ke sosa min rai shi ne iyayen da suka rasa 'ya'ya a yakin basasar Amurka su ne suke biyan kudin.

Ektofilazim kuwa sai da hakuri, a daki mai duhu ake yinsa, yawancin hujjar rahoton masu bincike ce. Charles Richet, wani masanin kimiyya dan Faransa, ne ya kirkiro sunan a 1894. A 1931 Harry Price, wani mai bincike dan Ingila, ya binciki Helen Duncan, wata mai kiran ruhi 'yar Scotland, ya ce yadi ne shara-shara take hadiyewa ta amayo, a 1944 aka daure ta wata 9 da dokar maita ta Birtaniya ta 1735. Hotunan ma ba kowa zai iya kallo ba wallahi.

In daukar hoto ne sana'arka ko lokacinka kadan ne, kama Mumler. In kuma shari'a da binciken kwakwaf ke burge ka, Duncan ce taka.