Share Iyakar Wuta a Unguwarmu: Yadda Na Ga Aikin Ƙaramar Hukuma

Gidanmu yana cikin gidajen da suka hau jikin dutse a wata unguwa da ke gefen Jos, inda gamba da itatuwan turare suka kewaye mu sama da ƙasa. Bana, karon farko tun da na tare a nan, ƙaramar hukuma ta turo ma'aikata ta hannun mai unguwa domin su yanke wa wutar daji hanya, kuma tunda a gabana aka yi komai, na ga ya dace in bayyana wa masu zama a irin wannan wuri yadda aikin ya kasance.

Da adda da lauje da fartanya suka zo. Sun share zirin fili mai faɗin kimanin taku goma tsakanin daji da gidaje, suka kankare shi har jar ƙasa ta bayyana, sannan suka sassare rassan turaren da suka sunkuyo kan rufin kwano. Wannan na ƙarshe ya yi mini daɗi ƙwarai, domin turare, wanda aka dasa da yawa a Filato don farfaɗo da filayen da haƙar kuza ta lalata, itace ne mai maiƙo a ganye, kuma ɓawonsa da ke zuba a gindi makamashi ne tsagwaronsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shugabansu, dattijo mai ƙarancin magana, ya san halin wuta a kan tudu. Da maƙwabcina ya roƙi a bar masa ciyawar da ke gangaren ƙasan gidansa saboda awakinsa, sai ya ce da shi: "Alhaji, a yi haƙuri, wuta hawa take yi. In ta kama daga ƙasa, kafin a ɗauko bokiti ta iso ƙofa." Gaskiya ya faɗa, domin zafin harshen wuta yana gasa ciyawar da ke samansa tun kafin ya taɓa ta, kuma masana sun ƙiyasta cewa gudunta yana ninkawa duk lokacin da gangare ya ƙaru da digiri 10. A gari mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, inda iskar hunturu ke kaɗawa babu shamaki, kuma a unguwar da ko an kira lambar gaggawa ta 112 motar kwana-kwana ba za ta iya hawa lungunanmu ba, wannan zirin fili shi ne kariyar da muke da ita.

Sai dai an makara. A tsakiyar Disamba suka zo, lokacin da ciyawa ta riga ta bushe ƙamas, alhali kamata ya yi a fara da zarar damina ta ɗauke. Sun kuma bar ciyawar da suka yanke jibge a bakin iyakar, wadda tartsatsi ɗaya ya isa ya mai da ita gadar da wuta za ta tsallaka, sai da muka haɗa samarin unguwa muka kwashe. Haka nan babu wanda ya zauna da yara masu farautar gafiya, waɗanda su ne suka fi cinna wa daji wuta a nan, ko ya sanar da mutane cewa tun 2011 hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, take da ƙa'idar da ta hana ƙona daji ba tare da izini ba.

A watan Janairu aka gwada aikin. Wuta ta taso daga kwari bayan sallar isha'i, muna tsaye da ɗanyun rassa muna jin gamba tana fashewa kamar ana toya gurguru, ta hauro da sauri har bakin filin da aka share, ta yi ta lasar gefensa, ta lafa. Da safe na je na duba: baƙin toka ya tsaya daidai inda fartanya ta bi, taku goma daga rumbun maƙwabcina. Mun riga mun kai wa mai unguwa roƙon a dawo da ma'aikatan nan a farkon Nuwamba mai zuwa, kuma a haɗa su da amalanken kwashe ciyawa.