Yini guda da ɗan jagora a Injamena

Shekara ashirin ke nan ina tsallaka gadar Ngeli daga garinmu Kusiri, a Kamaru, zuwa Injamena, amma ƙafata ba ta taɓa wuce babbar kasuwa da masallacin Sarki Faisal ba. In sauke atamfa, in karɓi kuɗi, in yi azahar, in juya. Yarona ne ya kunyata ni. Malaminsu ya tambaye su ina aka kashe Rabeh, ya zo gida ya tambaye ni, na ce masa a Barno. Ashe a garinmu ne.

Wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani matashi mai zagayawa da baƙi, yana jin Hausa da Larabcin Cadi da Faransanci. Muka yi ciniki jaka goma sha biyar na yini, man mota a kansa, abinci da kuɗin shiga a kaina. Ya ce bakwai na safe, ya zo takwas da rabi. Wannan na rubuta masa.

Abin da ya fara yi shi ya wanke laifin. Bai kai mu wani gini ba, sai ya tsayar da mu a bakin kogin Shari, ya nuna tsallake. "Kawu, ga garinku can. Ran 22 ga Afrilu 1900 Faransawa suka gwabza da Rabeh a wajen. Rabeh ya mutu, Lami mai jagorantar sojan Faransa shi ma ya mutu a wannan rana." Ya ce da sunan Lamin aka kafa gari a wannan gaɓar ana kiransa For Lami, sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya mai da shi Injamena. Nan na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa cewa Injamena ba, Fallomi take cewa, kuma ta nan iyayenta suka bi da ƙafa za su Makka ta Sudan. Yarona ya tambayi daga ina Rabeh ya zo. Ya ba shi amsa daidai hankalinsa: daga Sudan ya taso, ya ci Barno a 1893, ya zauna a Dikwa.

Dandalin Ƙasa, wanda suke cewa Plas de la Nasiyon, bai ɗauke mu minti ashirin ba. Fili ne makeke da katafariyar ƙofa, an gyara shi don bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, wanda Cadi ta samu ran 11 ga Agusta 1960. Rana ta riga ta take, inuwa kuwa babu. Tun kafin mu sauka ya ce wa yaron ya sa waya a aljihu, domin fadar shugaban ƙasa tana kusa, kuma ba a wasa da ɗaukar hoto a wajen. Wannan gargaɗin kaɗai ya ci rabin kuɗinsa. Majalisar dokoki a unguwar Gasi daga cikin mota muka hango ta. Na so mu tsaya, ya ce, "Kawu, ba wurin da ake shiga haka kawai ba ne," ban ja ba.

A gidan tarihi na ƙasa muka daɗe. Rubuce-rubucen jikin kayan da Faransanci ne, ni kuwa Faransancina na lissafin kuɗi ne, don haka a bakinsa muka dogara. Ya nuna mana siffar ƙoƙon kan da ake kira Tumai, wanda aka tono a hamadar Jurab a 2001, masana suka ce na wata halitta ce mai alaƙa da asalin ɗan Adam, kuma ya kai shekara miliyan 7. Yarona ya juyo yana kallona. Na ce masa ya rubuta yadda aka faɗa, sauran mu tambayi malam a gida. Ɗan jagoran bai ja da mu ba, bai kuma yi mana dariya ba, na yaba masa a kan haka.

Amma Gawi ce ta tafi da ni. Ƙauyen ƙabilar Kotoko ne, kamar kilomita 10 daga gari, an mai da tsohuwar fadar sarki gidan ajiye kayan tarihi. Ginin ƙasa ne, ƙofofin gajeru, sai ka sunkuya, ciki kuma sanyi kamar randa. Akwai tulunan Sawo, mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da, manyan tuluna, irin waɗanda suke binne mamatansu a ciki. Ya ce a bakin tsofaffi Sawo ƙatti ne masu tsawon ban tsoro, ya kuma ƙara da cewa wannan zancen baka ne, ba na littafi ba. Na ji daɗin yadda ya raba mana biyun. A waje mata suna ginin tukwane da hannu, bangon gidaje sun sha zane. Na saya wa uwargida kasko biyu, ɗaya ya fashe a gada, laifin ɗan kilando ne, wato ɗan acaba, ba na ɗan jagoran ba.

Inda ya ɓata min rai shi ne a dawowa. Ba tare da ya tambaye ni ba ya karkata da mu shagon wani abokinsa mai sayar da jakunkunan fata, muka ɓata kusan awa ana yi mana talla. Ni ɗan kasuwa ne, na san la'ada in na gan ta. Na ce masa, "Ɗana, da ka faɗa min tun farko, da na ƙara maka jaka biyu mun wuce." Ya yi shiru, ya ba da haƙuri. Saboda wannan tsayawar muka yi la'asar a makare, muka kuma tarar da layi a gada.

Wanda zai ɗauke shi, ya gindaya masa sharaɗi tun a waya: ba shago, kuma Gawi da safe kafin rana ta yi zafi, dandalin a bar shi sai yamma. A tafi da ruwa da takardar shaida. Bayan sallah zan koma da uwargida da ƙannen yaron, na riga na ce masa wannan karon bakwai tana nufin bakwai.