Ƙaramin injin walda na inbata: injin ya yi, kayan kariyarsa ne ba su yi ba

Injin da nake aiki da shi irin marar nauyin nan ne da ake kira inbata, mai shiga soket ɗin gida, bolt 220, ƙarfinsa daga amfiya 20 zuwa 140, kuma hannu ɗaya ke ɗaukarsa. Da shi nake gyaran ƙofa da ƙafar tebur da haɗa kantoci, ban ga inda ya gaza ba a irin wannan aiki.

In na sa sandar walda mai lamba 6013, mai kaurin milimita 2.5, na saita wuta tsakanin amfiya 70 da 85, ƙyastawa ɗaya take kamawa, ba ta yawan liƙewa. Idan hannu ya tafi daidai, ɓawon da ke kan ɗinkin da kansa yake ɗagowa yana hucewa, ka tarar da ɗinki sumul a ƙarƙashi. Ƙarfen da bai kai milimita 2 ba kuwa sai da lallami: siririyar sanda, a rage wuta, a riƙa ɗigawa ana tsayawa, in ba haka ba ya huje. Yana kuma son hutu. A cikin minti 10, takardarsa ta ba shi 6 na aiki, sauran a bar fanka ta yi nata.

Abin da ya ɓata mini rai garkuwar fuskar da aka sako a kwalin ce. Roba ce shara-shara ta riƙewa a hannu, haske na kutsowa ta gefe. Ƙanƙantar inji ba ta rage zafin hasken walda ko kaɗan, kuma ciwonsa ba nan take yake zuwa ba. Sai bayan sa'o'i, sau da yawa cikin dare, ido ya kama raɗaɗi da hawaye kamar an zuba masa yashi. Sabon shiga da ya amince da wannan garkuwa an cuce shi. Na nemi hular walda mai rufe fuska duka, mai gilashin da duhunsa ya kai lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, domin babu safa a kwalin sam. Wayar maƙalin da ake kama ƙarfe da shi ma siririya ce, tana ɗaukar zafi, na canza ta.

Sauran na mai aiki ne. Tufafin auduga mai dogon hannu, don nailan narkewa yake ya manne a fata. Kada a tsaya a jiƙaƙƙen wuri, ko a canza sanda da jiƙaƙƙiyar safa: muddin injin na kunne akwai wutar lantarki a bakin abin riƙe sandar. Tartsatsi na iya kai mita 10, sai a kawar da fetur da tsumma. Ƙarfe mai rufin tutiya hayaƙinsa na sa zazzaɓi, a goge rufin tukuna, a yi aikin inda iska ke kaɗawa. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai kuwa, ko an ce an wanke, ba na kai masa wuta.

Don ƙananan ayyuka zan sake sayensa, amma tare da hula da safa a rana ɗaya.